Ki Koma A Auna Jininki

'Yata,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya angon nawa?

Ƙanwarki ta faɗa mini abin da kika ɓoye. Wai kin miƙe daga shayarwa jiri ya ɗebe ki, sai da kika dafa bango, yaro yana kafaɗarki. Tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Da na rufe ido sai in gan ki a ƙasa, ke kaɗai a ɗaki, shi yana ta tsala kuka. Kin san yadda muka rasa Innarku. Ita ma "gajiya ce kawai" ta yi ta faɗa.

Ni na tsaya a kanki ranar haihuwa, na ga jinin da kika zubar. Likita ya ce ya haura rabin lita, kuma daga nan suke kiransa zubar jini mai yawa. Da na zo tafiya na kama hannunki, tafin fari fat, haka ma cikin idonki. Ban yi magana ba don kada ki ce na fara.

Yanzu kuma ina jin kin ajiye ƙwayar ƙarin jini saboda tana ɗaure miki ciki, har kina cewa yaro ne ke shanye miki jini, gara ki yaye shi. Haba 'yata! Da karatunki? Sinadarin ƙarfe ne jiki ke haɗa jini da shi, kuma wanda ke fita ta nono kaɗan ne ƙwarai, shayarwa ma jinkirta al'ada take yi, jininki ya samu ya taru. Ciki da haihuwa ne suka kwashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, mai jego kuma tana iya shan ƙwayar mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Baƙin bayan gida aikin maganin ne, kada ya tsorata ki. Kada dai ki haɗa maganin da shayi, yana hana shi shiga jiki. In cikin ya dame ki, ki faɗa wa likita ya canja miki wani.

Na san kina cewa na cika faɗa. Wadda ta taɓa gani ba ta iya shiru.

Gobe ki sa mijinki ya kai ki a auna jinin. In haki ko bugun zuciya ya taso miki kina zaune, kada ki jira gari ya waye. Ki kira ni da zarar kun fito, ina riƙe da wayar.

Mamanki