Yadda Ɗaliban Fim Ke Nuna Samari da 'Yan Matanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan gajerun finafinan da ɗalibai masu koyon aikin fim suke shiryawa, musamman yadda suke nuna samari da 'yan mata masu tasowa. Mu mutanen Jos muna da bakin magana a wannan batu, domin a garinmu hedkwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, ga Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa, ga kwalejin talabijin ta NTA, ga kuma sashen wasan kwaikwayo da fim na Jami'ar Jos. Da yawa daga cikin waɗanda za su riƙe harkar nan gaba, a titunanmu suke koyon saita kyamara a yau.

Ba wata makaranta guda nake nufi ba, domin abin da zan faɗa ana ganinsa a ayyukan ɗalibai daga wurare daban-daban, waɗanda suke ɗorawa a YouTube. Saurayi a waɗannan finafinai ba ya wuce ɗayan uku. Ko dai ɗan sara-suka ne mai tabo a kunci da kwalbar kodin a aljihu, ko ɗan mai kuɗi da ya ɗauko motar mahaifinsa daga Rayfield, ko kuwa ustazu mai ɗangalallen wando wanda aikinsa kawai ya ɓullo a ƙarshe ya yi wa'azi. Na 'yan mata ya fi muni. Akwai 'yar talla da za a yaudara, akwai 'yar gayu mai babbar waya wadda tun fitowarta ta farko mai kallo ya san cikin shege za a ɗora mata, sai kuma saliha wadda duk tsawon fim ɗin ba ta da kalmar da ta wuce "to, Baba."

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake raba hukunci. Saurayin da ya sari mutum da adda zai zubar da hawaye a gaban liman, a dafa kafaɗarsa, a ba shi jari ya kama sana'a, amma yarinyar da laifinta bai wuce hira da saurayi a lungu ba, sai ta ƙare a gadon asibiti ko a makabarta. Ita kanta kyamara tana nuna wannan bambanci, domin idan namiji ya shigo, daga fuskarsa ake fara ɗauka, idan kuwa mace ce, sai a faro daga takalminta a taho sama a hankali. In kuma aka haɗa 'yan mata biyu a ɗaki, ba su da zance sai na saurayi, alhali duk wanda ya tsaya kusa da layin ɗiban ruwa a Gangare zai ji ana maganar sakamakon JAMB, da kuɗin adashe, da ɗinkin sallah, da wadda ta yi fice a musabaƙa.

Majalisar samari ta gaskiya ma ba haka take ba. A benci guda za ka tarar da mai koyon gyaran waya, da direban Keke Napep, da ɗalibin jami'a, da mahaddacin Alƙur'ani, suna gardamar Arsenal da Manchester United, wani kuma yana tuna musu yadda Plateau United ta ci gasar ƙasa a 2017. Sau da yawa wanda ake wa kallon ɗan iska shi ne mai kai ƙannensa Islamiyya kullum da yamma.

Na san fim na minti goma ba shi da lokacin dogon bayani, kuma ɗalibin da ke aiki da kuɗin aljihunsa zai so mai kallo ya gane kowa da kallo ɗaya. Wannan uzuri ne, amma bai isa ba. Babban dalili a ganina shi ne ɗaliban suna kwaikwayon finafinan da suka kalla ne, na Kannywood da na Kudu da na Indiya, maimakon su dubi unguwannin da ke kewaye da su. A Jos kuma akwai ƙarin matsala, domin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba mazaunin jama'a bisa addini, sannan gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 ta tafi da wurin da kowa da kowa ke cuɗanya. Yaron da aka haifa bayan wannan zai iya girma bai taɓa zama a Unguwar Rogo ta Musulmi ba, ko kuma bai taɓa shiga Unguwar Rukuba ta Kiristoci ba, sai abin da aka ba shi labari. Shi ya sa Bahaushe a fim ɗin ɓangaren Kiristoci yake fitowa a mai wankin takalmi ko ɗan ta'adda mai gurɓataccen Turanci, mu ma kuma idan namu suka shirya, yarinyar da ba Musulma ba ita ce mai matsattsun kaya da ke lalata ɗan mutane.

Ya kamata a duba sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim. Sau tari maza ne a gurbin darakta da mai ɗaukar hoto da mai tace fim, mata kuwa suna wajen kwalliya da sutura da abinci, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan yarinyar da ke cikin labarin ta fito yadda samari ke zaton 'yan mata suke.

Roƙona ga malamai shi ne kada su karɓi labarin ɗalibi sai ya shafe makonni yana zama da irin mutanen da zai nuna, a unguwar da ba tasa ba, ya kuma kawo hirarrakin da ya yi da su. A riƙa juya aikin darakta da na kyamara tsakanin maza da mata a kowane rukuni. Masu shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja su ma za su taimaka ƙwarai idan suka sa wannan cikin ma'aunin da alƙalai ke duba finafinan ɗalibai da shi.

Na gode.

Mai karanta jaridarka,
daga Dilimi, Jos.