Masu Haɗa Kwamfuta da Kansu, a Duba Layin 12V Kafin a Sayi Fawa-fak

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da matasanmu masu harhaɗa kwamfutar tebur da hannunsu. Sun yawaita yanzu, abin kuma yana faranta mini rai. Sai dai duk wanda ya kawo mini jerin kayan da zai saya, zan ga ya rubuta furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), katin girafik (mai sarrafa hoto da bidiyo), ram (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita), har da fankoki masu fitilu kala-kala. Idan na tambaye shi fawa-fak, wato akwatin nan da ke karɓar wutar soket ya raba wa sauran kayan, sai ya ce ai wannan kowanne ma ya yi. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da haɗa shi, a nan Zariya. Shekara biyu da suka wuce na tara kuɗi na haɗa tawa: furosesa Ryzen 5 5600, katin RTX 3060 na hannu, ram gig 16, SSD guda (ma'ajiyar fayil mai sauri), da babban hadis, wato faifan ajiyar fayil, da nake zuba aikin mutane. Da aljihu ya yi ƙasa, sai na ɗauki kes, wato gidan kwamfutar, wanda ya zo da fawa-fak a cikinsa, an rubuta 650W da manyan baƙi a jiki. Nvidia, mai ƙera RTX, fawa-fak mai wat 550 ta ce a tanadar wa kwamfutar da ke da wannan kati, don haka na ga har da rara. Abin da ya kamata ya farkar da ni tun a shago shi ne babu igiya mai baki takwas da katin ke buƙata. Mai shagon ya miƙo mini 'yar adafta da ake jonawa da igiyoyin hadis, ya ce kowa haka yake yi.

Wata uku tana aiki lafiya muddin rubutu ne ko kallo. Da na fara fitar da dogon bidiyo kuwa, sai ta ɗauke ɗif kamar an zare filogi. Na zargi wuta, na zargi janareta, na sake sa Windows har sau biyu. Wani dare cikin watan Afrilu, ana tsananin zafi, na ji ƙaurin roba. Fawa-fak ya ƙone, adaftar ta narke, kuma ya tafi da hadis ɗin. A ciki akwai kamu da ɗaurin auren wata yarinya, ga shi na riga na goge memorin kyamara na yi wani aikin da ita. Da ƙafata na je gidansu na durƙusa gaban mahaifinta. Dattijon bai ɗaga mini murya ba, ya ce Allah ya ƙaddara haka, amma na ji kukan mahaifiyarta daga cikin gida. Kuɗi na mayar musu, ranar kuwa ba ta dawowa.

Wani dattijon mai gyara ne ya juya mini ƙonannen akwatin ya ce, "Ɗana, karanta nan." A jikin kowane fawa-fak akwai ɗan jadawali: 3.3V, 5V, 12V, ƙarƙashin kowanne da adadin amfiyarsa (A), wato yawan wutar da layin zai iya bayarwa. Furosesa da katin girafik, waɗanda su ne masu cin wuta, daga layin 12V suke sha. Nawa an rubuta 18A. Ana samun wat ne idan aka ninka V da A: ka ninka 12 sau 18, wat 216 ke nan. Katina shi kaɗai wat 170 yake ja, furosesa 65 a takarda kuma yakan ɗan haura, sauran tarkacen su ci kamar 40 zuwa 50. Wajen wat 300 nake nema daga abin da bai wuce 216 ba, in ma gaskiya aka rubuta. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Fawa-fak na gaskiya mai wat 550 za ka ga layinsa na 12V ya kai wajen 45A, mai 650 kuma wajen 54A, wato kusan duk ƙarfinsa a wannan layin yake. Wannan lissafin bai fi minti ɗaya ba da wayar hannu, kuma da na san shi da ban yi wa mutane asara ba.

Bayan ka haɗa abin da kayanka ke ja, ka bar sarari mai kyau a sama. Katunan zamani sukan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsu cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ma ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta buƙaci manyan fawa-fak su jure ninkin ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci. Ni dai ra'ayina, aikin kwamfutarka mafi nauyi ya tsaya tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na ƙarfin akwatin. Ba kuma sai ka kinkimo mai wat 1000 ba. Ba zai ƙara mata sauri ba, abin da take buƙata kawai take ja.

Sai maganar tambarin 80 Plus da ake ta nunawa a shaguna, Bronze, Gold da sauransu. Tsarin ya fara a 2004, kuma abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta, ba ingancin kayan ciki ba. Duk da haka mu ya shafe mu fiye da Turawa, tunda da fetur da batirin sola muke aiki. Mai Gold, da ke kaiwa wajen kashi 90 cikin ɗari, zai ja kamar wat 333 daga soket ya ba ka 300. Wanda ke kashi 70 sai ya ja kusan 430. Wannan bambanci na wajen wat ɗari zafi ne kawai yake zama a ɗakinka, kai kuma ka biya kuɗin mansa. A lura dai, sitika ba ta da wuyar bugawa, kuma masu ba da shaidar suna da jerin sunayen da suka tantance a intanet.

Akwai abubuwan da yanayinmu ya sa dole a kula da su. Wutarmu ta 230V ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take yin ƙasa da yamma, don haka a nemi wanda aka rubuta 100 zuwa 240V a jikinsa. Tsofaffin fawa-fak masu maɓalli ja na 115 da 230 a bayansu, in aka kuskure aka tura shi 115 aka jona, nan take yake fashewa. A duba kwali a ga ko an gwada shi a zafin digiri 40 ko 50, domin ɗakunanmu a bazara ba wasa ba ne. A tabbata yana da kariyar da ke kashe shi idan wuta ta yi yawa ko waya ta haɗu, irin su OVP, OCP da SCP. Nawa da yana da su, da mutuwa zai yi shi kaɗai. Ƙurar hunturu a hure ta daga waje, kada a kwance akwatin, akwai kafasita a ciki da ke riƙe wuta ko an zare filogi. Fawa-fak masu igiyoyin da ake cirewa kuma, kada a ari igiyar wani kamfani a sa wa wani, bakin yakan shiga daidai amma jerin wayoyin ya bambanta.

Ga 'yan kasuwarmu, don Allah ku ji tsoron Allah. Yaro ya zo da katin da ya yi shekara yana tara kuɗinsa, kun ga akwatin da ya ɗauka ba shi da nauyin kirki a hannu, ku gaya masa gaskiya ko da cinikin zai wuce ku. Adafta ba magani ba ce. Idan fawa-fak bai zo da igiyar katin girafik ba, masu ƙera shi ne da kansu suke gaya maka ba a yi shi don wannan aikin ba.

Yanzu ina amfani da mai wat 650 wanda layinsa na 12V ya nuna 54A, kuma kowane aiki ina ajiye shi a wuri biyu kafin in goge memori. Ina roƙon Edita, idan da hali, shafinku na kimiyya ya buga hoton wannan jadawali babba, a zagaye layin 12V da jan biro, saboda masu karatun da ba su taɓa juya akwatin sun duba ba.

Na gode. Wassalam.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Zariya.