Zuwa ga masu amfani da manhajarmu: maganar kuɗin siga ta 5

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da ƙoƙari.

Tunda muka sanar cewa siga ta 5 ta manhajarmu ta lissafin kaya da rasit sai an biya kuɗi za a same ta, saƙonni ke ta shigowa, wasu tambaya suke wasu kuma ransu ya ɓaci sosai, kuma wallahi mun fahimta, mutum ya sayi abu da guminsa a dawo a ce ya ƙara biya ai dole ya nemi ba'asi. To ga yadda abin yake.

A kan Windows da macOS muke gini, in suka motsa dole mu motsa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi ya sa da yawanku kuke komawa Windows 11, ita kuma sai kwamfuta mai wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 take karɓa. Can ɓangaren Mac ma abin ya fi zurfi, tun 2020 Apple ta fara barin cip ɗin kamfanin Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta koma nata cip ɗin, M1 da waɗanda suka biyo baya, siga ta 4 kuwa don Intel muka rubuta ta, abin da ya sa har yau take buɗewa a sabbin Mac shi ne Rosetta 2, wanda kamar tafinta yake tsakanin tsohuwar manhaja da sabon inji. Apple ta riga ta faɗa cewa macOS 26 Tahoe ce ta ƙarshe ga Mac masu Intel, shi kuma Rosetta bayan macOS 27 za a taƙaita shi. Kun ga kenan kwanakin siga ta 4 a Mac ƙidayayyu ne.

Faci ba zai ɗauke wannan ba. Ɓangaren da ke magana da firintar rasit da na'urar karanta bakod sai da muka sake rubuta shi daga tushe, sannan a zauna ana gwadawa firinta bayan firinta, a buga rasit a duba ko jimillar ta fito daidai a ƙasan takarda, ko durowar kuɗi ta buɗe lokacin da ya kamata. Watanni aka yi ana wannan, mu kuma ƙaramin kamfani ne, da wannan kuɗin muke biyan masu aikin.

Siga ta 4 taku ce, lasisinku ba zai mutu ba kuma ba za mu kashe ta daga nesa ba. Wanda kwamfutarsa ke aiki lafiya ya ci gaba abinsa. Tsofaffin abokan cinikinmu akwai ragi, wanda kuma bai daɗe da saya ba kyauta zai karɓi sabuwar.

Roƙonmu ɗaya dan Allah, kar ku danna abdet ɗin Windows ko macOS a kwamfutar da kuke ciniki da ita sai kun kwafe bayananku a filas ko wani wuri daban, kuma kar a yi shi ana tsakar ciniki kwastoma na tsaye. Ku turo mana sigar da ke kan kwamfutarku da samfurin firintarku, za mu duba mu faɗa muku ko akwai buƙatar ku saya yanzu ko ku dakata tukuna.

Mun gode ƙwarai, Allah Ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
dukkan ma'aikatan kamfanin