Tarihin Libiya Bai Fara Daga Gaddafi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in yi tsokaci a kan yadda ake kawo mana labarin Libiya a shirye-shiryenku. Tun da aka kashe Kanar Mu'ammar Gaddafi a 2011, ba a cika ambaton ƙasar ba sai idan an gwabza faɗa a Tarabulus ko kwalekwalen 'yan ci-rani ya kife a teku, har ta kai ga matasanmu ba su san ta da komai ba face hanyar tsallakawa Turai.

Alhali kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna cinikayya da mutanen ƙasar nan. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas ko Murzuƙ, ya sauka Gat, ya ratsa Azbin zuwa Agadas da Damagaram, sai bayan watanni ya iso Kano da takarda da alharini da turare da takubba, ya koma da jar fata da baƙin rini da hauren giwa da gashin jimina. Attajiran Gadamas da dama sun zauna a birnin Kano, sun yi aure sun hayayyafa, kuma zuriyarsu na nan a unguwanni irin su Dandalin Turawa. Ita kanta Gadamas, da gidajenta na ƙasa da lungunanta rufaffu saboda zafin rana, hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1986. Dole kuma a faɗa cewa har da bayi ake korawa ta wannan hanya, kuma da yawansu ƙishirwa ta kashe su a hamada. Cinikin ya durƙushe ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta auka wa Libiya.

Gwagwarmayar da ta biyo baya ma ta taɓa mu. Ɗariƙar Sanusiyya, wadda Shehu Umar Mukhtar ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutarta har Italiyawa suka rataye shi a 1931, ita ce ta mara wa Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa, baya lokacin da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a ƙarshen 1916, kuma daga gidan shugabannin ɗariƙar ne aka sami Sarki Idris da ya karɓi mulkin kan Libiya a 1951.

Saboda haka ina roƙonku da ku ware shiri na musamman a kan wannan alaƙa, ku gayyato malaman tarihi daga Kano da Damagaram, ku kuma nemi dattawan gidajen Larabawan Kano a naɗi bayaninsu tun suna da rai.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Kano