Me ya sa kasuwancin Alhazanmu ke mutuwa tare da su?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda manyan kamfanoni ke durƙushewa a nan Zamfara. Masaƙar Gusau a da ita ke ciyar da gidaje da yawa, manoman auduga na samu, lebura na samu, har masu tuwo a bakin get. Yau shiru. Rashin wuta, tsadar man injin da atamfar China da ake fasa-ƙwaurinta ta boda su suka kashe ta, wannan kowa ya sani.

Amma abin da ya fi damuna shi ne na Alhazanmu. Mutum ya tara tireloli da gidajen mai, amma aljihunsa da asusun kamfani duk ɗaya ne, babu akanta babu rubutu, komai a kansa yake, yaron da ya yi shekara da shekaru yana bi masa lodi zuwa Legas ba ya da ta cewa, manaja kuma ɗan ƙanensa ne ko da bai iya lissafi ba. In siyasa ta zo a kwashi jari a zuba a kamfen. Ranar da Allah ya karɓi abinsa sai rabon gado, wannan ya ja mota biyu wancan ya saida fili, kafin shekara ta zagayo an rufe ofis, ma'aikata sun koma kabu-kabu.

Wallahi abin na ci min rai. Ku turo wakilinku Gusau ya zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da direbobin nan tun suna raye, ya ji daga bakinsu.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gusau