Wasiƙa daga Gombe kan sayen kifi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni irin kifin da ya kamata ka riƙa saye, tunda likita ya rage maka jan nama. Zan ba ka amsa ta fuskar lafiyarka da ta ruwan da kifin ke fitowa, domin duk ƙaramin kifin da aka saya a faranti, gobe masunci zai koma ya kamo irinsa.

Fara da duba girma. Karfasar da ba ta cika tafin hannunka ba, bar ta, don yawanci ba ta kai ga yin ƙwai ko sau ɗaya ba. Da taru mai ƙananan idanu ake kwaso irinta, wasu ma da gidan sauro, alhali dokar kamun kifi ta 1992 ta hana taru mai ido ƙasa da inci 3, ta kuma hana zuba guba a ruwa. Haka giwan ruwa da ragon ruwa: guda ɗaya babba ku raba da maƙwabci ya fi tulin ƙanana.

Sai lokaci. Da damina, idan kogin Gongola ya cika ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa ke haurawa ta zuba ƙwai. In ka ga cikinta ya kumbura, kana latsawa ƙwai na fitowa, kada ka saya, ko da mai tallan ya ce nan daɗin yake. Karfasa kuwa a bakinta take renon ƙwanta, kama uwa ɗaya asarar ɗaruruwa ne. Daga Yuni zuwa Satumba ka koma tarwaɗar kiwo. Cikin wata 5 zuwa 6 take kai kilo ɗaya, kuma da ranta ake sayar da ita a baho. In tana ƙarnin laka, bar ta kwana ɗaya a ruwa mai tsabta.

Abin da ya fi damuna shi ne guba. Kifin da aka kashe da maganin ƙwari na Gamalin za ka gan shi gauraye, manya da 'yan mitsi-mitsi, iri daban-daban, ba shatin taru a wuyansu, tsokar ta yi laushi tun da safe. Lafiyayye kuwa idonsa garau, ƙarƙashin kunnensa ja wur, in ka danna da yatsa naman ya dawo.

Bandar kifi ma a kula. Wasu na fesa mata Sniper don ƙwari. Kwandon da ƙuda ke kauce masa alhali sun rufe na kusa da shi, wuce shi. Karya guda ka sansana: ƙamshin hayaƙi kake nema, ba warin magani ba.

Na ƙanƙara, shawa ta fi araha kuma tana da mai mai amfani. Ka dai guji wanda ya narke aka sake daskarar da shi. Alamarsa ita ce jini ya daskare a kwalin, cikin kifin ya fashe.

In Allah ya kawo ka bayan kaka, sai mu leƙa bakin dam na Dadin Kowa da sassafe, lokacin da jirage ke fitowa. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Gombe