Wasiƙa daga Gombe, bayan tiyatar daren Talata

Salamu alaikum mutumina, ango ka sha ƙamshi. Tun da ka tare a Alƙahira ko filashin babu, to ni dai na kasa riƙe labarin nan shi ya sa na rubuto.

Daren Talata aka kawo mana wani ɗan acaɓa da ya faɗi a hanyar Dukku, ba hular kwano. 'Yan uwansa suka ce ai ya tashi har ya yi magana, ya sha ruwa, daga baya barci ya ɗauke shi. Ina jin haka gabana ya faɗi. Na haska idonsa, baƙin ido na dama ya buɗe fam. Hoton siti, wato hoton cikin kai na na'ura, ya nuna jini ya taru tsakanin ƙashi da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ka tuna jijiyar jinin nan midil meninjiyal da ke shigowa ta wata 'yar ƙofa a gindin ƙoƙon kai, foramen sipinosum, ta hau ta kwanta a bayan siririn ƙashin nan na tsakanin ido da kunne? Ita ce ta tsinke. Oga, babban likitan tiyatarmu, ya buɗe ƙoƙon kan, muka kwashe gudan jinin amma jini bai tsaya ba, sai da ya bi jijiyar har bakin ƙofar ya toshe da kakin ƙashi. Wallahi da hannuna na riƙe masa sakshan, bututun zuƙe jini, ina kallo jinin ya ɗauke. Jiya yaron ya nemi a kawo masa masa!

Af, an sa ranar ƙanwar mai shayinmu na Jekadafari, bayan babbar sallah, kuma har yanzu yana cigiyar bashinsa a wurinka.

Tun daren nan na koma littafi. Yanzu karotid, babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ita ce ta hana ni barci, yadda take ratsa ƙashin da ke riƙe da kunne ta lanƙwashe cikin kabanos sainos, wata matattarar jini a bayan ido, dab da fituwitari, ƴar halittar nan mai fitar da sinadarai a gindin ƙwaƙwalwa, jijiyar da ke juya ido waje tana manne da ita. Masu bi ta hanci su yi tiyatar fituwitari da ƴan milimita suke kauce wa karotid ɗin, in aka taɓa ta kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Wannan aikin nake so in koya, da gaske nake. Ku can kuna yin ta hancin? In ana barin baƙi su tsaya kallo ka tambayar min.

Ka gaida amarya, ka ce muna jiran hoton girkin da take ta kuri da shi.